Abin da Ido Ya Saba Gani: Nasiha ga Matasan Ikilisiya

 Tambayar da na fi ji daga bakinku a 'yan shekarun nan ita ce, "Baba, kallon fim kaza zunubi ne?" ko kuwa, "Baba, ya halatta Kirista ya ji waƙar wane?" Na san abin da kuke nema. So kuke in ce i ko a'a, kowa ya huta. To, ba ni da jerin sunayen fina-finan da aka yarda da su da waɗanda aka hana, kuma ko na zauna rubutawa, kafin in ajiye alƙalami an fito da wasu. Abin da nake da shi 'yar magana ce, ku ba ni aron kunnuwanku.

A zamaninmu ba mu sha wahalar zaɓi ba, domin wasu ne ke zaɓa mana. Rediyo ɗaya ce a gida, kuma a hannun maigida take. Da yamma a murɗo ELWA, tashar da mishan ta SIM ta buɗe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, ko a kamo shirye-shiryen Muryar Bishara da ake ɗauka a Jos a watsa daga Adis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar. Da talabijin ta zo, sai da yamma take buɗewa, dare na yi a rera taken ƙasa a rufe, kowa ya nemi makwanci. Samanja da Karkuzu a gidan maƙwabci muke kallonsu, yara a tabarma, manya a kujera. In wani abin kunya ya gifta, gyaran murya ɗaya daga wata tsohuwa ya isa kowa ya sunkuyar da kai. Gidan sinima kuwa, a ikilisiyoyi da yawa in aka gan ka a bakin ƙofarsa, sai ka amsa tambaya a gaban dattawa.

Kada ku ɗauka mun fi ku tsarki ne. Ƙofofin ne kaɗan, masu gadi kuma da yawa. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya intanet ta biyo ta cikin aljihu, gadin ya koma hannun mai waya shi kaɗai. Uwa na iya leƙa ɗakinka ta ga an kashe fitila ta koma da kwanciyar hankali, alhali kai kana cikin bargo, ka yi nisa a wata duniya. Babu fasto ko dattijo da zai bi ka can. Saboda haka dole ne abin da ke tsare ka ya kasance a cikinka.

Ku fara da sanin wanda kuke hulɗa da shi. TikTok da Facebook da YouTube ba sa karɓar kuɗin shiga, amma ba aikin sadaka suke yi ba. Da talla suke cin abinci, kuma iya daɗewarka a ciki, iya tallan da za su nuna maka. Don haka an gina na'urar tana lura da kai: inda ka tsaya, abin da ka maimaita, abin da ka wuce da sauri. Ba ruwanta da mai kyau ko marar kyau, abin da ya riƙe idonka shi za ta ƙaro maka. Abubuwan da suka fi riƙe idon ɗan Adam kuwa sanannu ne tun fil azal: sha'awa, fushi, tsoro, da tonon asirin wani. 'Yar kwaya za ta ɗauki waya da niyyar koyon wata waƙar Solomon Lange don sujadar Lahadi. Ta ji waƙar, sai ga bidiyon biki ya biyo, ta tsaya kallon ɗinkin amarya. Daga nan sai wata tana zagin kishiyarta, sai wani yana fallasa tsohuwar budurwarsa da hotuna. Kafin ta ankara an yi kiran sallar asuba a masallacin unguwa, data ta ƙare, waƙar kuma ba ta zauna ba. Ita dai ba ta zaɓi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An zaɓa mata, ita kuma ba ta ce a'a ba.

Mutanen Koranti ma sun taɓa kawo wa Manzo Bulus irin tambayarku. Suna taƙama da 'yancin da suka samu cikin Almasihu, cewa babu abin da aka hana su. Bulus bai ƙwace musu 'yancin ba. Ya dai mayar da su ga wasu tambayoyi biyu, ku duba 1 Korantiyawa sura 6 da sura 10: abin nan yana da amfani har ya gina mutum, kuma ya zama ubangidanka ko kuwa kai ke riƙe da shi? Waɗannan sun fi "zunubi ne?" wuyar amsawa, domin ba wanda zai amsa maka su. Wasan barkwanci na iya zama ba shi da ko kalmar batsa ɗaya, amma in shi ne ya cinye lokacin karatunka da na addu'arka har ba ka iya ajiye shi, ya riga ya hau kanka.

Ba cewa nake ku gudu daga duniya ku rufe ido ba. Daniyel ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Babila, har sunan Babila aka laƙaba masa, bai ƙi ba. Da aka zo kan abincin sarki ne ya ja layi, kuma cikin ladabi ya ja shi. Bulus da ya tsaya a Atina ya san abin da mawaƙan Helenawa suka rubuta, har ya kafa hujja da shi a wa'azinsa. Ni kaina ina kallon fina-finan Kannywood. Maƙwabtanmu Musulmi ne ke yin yawancinsu, kuma a cikin wasunsu na ga girmama iyaye da kunya da riƙon amana fiye da abin da na gani a wasu da aka manna wa sunan bishara. Wanda ya san labaran da maƙwabcinsa ke kuka da dariya a kai, ya fi iya zama da shi lafiya.

Haka kuma ganin mugunta a cikin labari ba shi ne ma'auni ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye abin da Dawuda ya yi da matar Uriya ba, bai ɓoye yadda ya sa aka kashe mijin ba. Amma ya kira abin da sunansa, ya faɗi yadda Allah ya aiko annabi Natan, ya kuma nuna mana yadda gidan Dawuda ya ɗanɗana kuɗarsa shekara da shekaru. Wani fim zai nuna maka zina ka tashi kana jin tsoronta. Wani zai nuna maka ita da kiɗa mai daɗi da mota mai tsada, mijin da aka ci amanarsa kuma a mai da shi sakarai abin dariya. Labarin ɗaya ne, darasin ya sha bamban. Kuma darasin ba ya shiga a rana ɗaya. Yau ka ga yaro ya yi kuɗi da damfara ta intanet ana yi masa kirari, ranka ya sosu. Gobe ka gani ka yi murmushi. Bayan wata shida ka fara ganin mahaifinka da ya yi shekaru yana koyarwa a firamare kamar wanda bai san inda ke masa ciwo ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ga gwajin da nake ba jikokina. In ka kashe wayar, dakata kaɗan ka duba abin da ya rage a zuciyarka. Za ka iya durƙusawa ka yi addu'a nan take, ko sai ka ji nauyi? Gobe in ka haɗu da 'yar'uwa a zumunta, da wane ido za ka kalle ta? Ke kuma, bayan kin gama waɗannan fina-finan soyayya na Indiya da aka juya zuwa Hausa, saurayin da ke sonki da gaskiya, mai sana'ar walda ko ɗinki, ya ƙara daraja a idonki ko ya ragu? In za ka ji kunyar ƙaninka ya leƙo ya ga abin da ke kan allon, lamirinka ya riga ya yi magana, saura ka saurara.

Yanzu bari in taɓa inda wasunku ba su zata ba. Kasancewar abu da sunan Yesu a kai ba ya wanke shi. Muna da masu aiki nagari, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Panam Percy Paul ya daɗe yana waƙa daga Jos, ƙungiyar Mount Zion kuma tun 1985 take wasan kwaikwayon bishara. Amma intanet cike take da masu kiran kansu annabawa, masu sayar da mai da ruwa da hankici, masu cewa ka "shuka iri" a asusunsu kafin Allah ya ji kukanka. Akwai kuma fina-finan da kowace tsohuwar ƙauye a cikinsu mayya ce, kowane rashin aiki ko rashin haihuwa hannun dangi ne. Na ga yaron da ya daina cin abincin kakarsa saboda irin wannan kallo, matar da ta goya ubansa. Wannan tsoro ne aka sa wa rigar bangaskiya. Mutanen Biriya an yaba musu ne domin ko Bulus da kansa da ya yi musu wa'azi, sai da suka koma ga Nassi kullum suna duba ko haka ne. In an auna Bulus, wane ne mai wa'azin YouTube da ba za a auna ba?

Abin da ya fi hana ni barci dai shi ne abin da muke turawa. Manyanku za su tuna watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashe mu cikin dare da waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu ƙaunarmu ne suka kira mu, ba maƙiya ba. Aka kwantar da mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A watan Yuni na 2018 kuma, da aka kai hare-hare a gundumar Gashish ta Barikin Ladi, kisan gaskiya ne, an yi asarar rayuka masu yawa. Amma cikin hotunan da suka yi ta yawo a Facebook, binciken BBC ya gano daga baya cewa wasu ba na wannan rikicin ba ne, har da bidiyon da aka ɗauka a ƙasar Kongo shekaru kafin nan. Jini ya hau, aka tare hanya, aka kashe matafiyan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A daidai wannan lokaci ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Hotunan ƙarya sun riga labarinsa isa wayoyinmu nesa ba kusa ba.

Dokar da ta hana shaidar zur ba ta tsaya a kotu ba. In ka tura abin da ba ka tabbatar ba, ka ba da shaida, ko da wani ne ya rubuta. Kuma saƙon da ya zo da "in kana ƙaunar Yesu ka tura wa mutum 10", ku sani ƙaunar Yesu ba a auna ta da haka. Tambayi wanda ya aiko maka inda ya samo. In ya ce shi ma turo masa aka yi, bari ya mutu a hannunka.

Ƙwallo ba ni da ja da ita, ku je gidan kallo ku yi ihunku. Sai dai ku lura da tallan caca da ke manne da ita ko'ina. Yaron da ya fara da naira 100 "don wasa ya yi armashi", na ga ya kai ga taɓa kuɗin makaranta.

Kada kuma wannan magana ta zama sandar dukan juna. Romawa sura 14 ta koya mana cewa lamiri ba ɗaya ba ne. Abin da wani zai kalla ya wuce lafiya, wani in ya kalla ya faɗi. Wanda ya ƙaurace kada ya ɗauki kansa waliyyi, wanda yake kallo kada ya yi wa ɗan'uwansa ba'a ko ya ja shi inda zai yi tuntuɓe. Wanda kuma hotunan batsa suka riga suka kama, ɗana, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba a kore ka daga gaban Allah ba. Ɓoyewa ce ke ciyar da abin. Nemi babba ɗaya mai riƙe sirri ka faɗa masa. Ka riƙa barin wayar a falo tana caji in za ka kwanta, da safe kuma ka buɗe Littafi kafin ka buɗe ta. Ƙananan dabaru ne, amma na ga sun ceci mutane.

Ku shugabannin matasa, ga roƙona. A zumuntarku ta gaba, ku zaɓi fim ɗin da kowa ke magana a kai, ku kalle shi tare a majami'a, sa'an nan ku zauna ku tattauna: me ya yaba, me ya raina, ina ya faɗi gaskiya, ina ya yi ƙarya. Masu baiwar rubutu da waƙa da ɗaukar hoto a cikinku, ku yi mana namu da Hausa mai daɗi, labarin da ba wa'azi aka yi wa kwalliya ba. Ku gayyace mu tsofaffi, za mu zo, ku dai tanadar mana kujera mai majingini kusa da allon.