Ƙidayar Alwatika Daga Ɗigogi Ta Hanyar Zaɓe

Gabatarwa

Alwatika siffa ce mai gefe uku da kusurwa uku. Duk inda aka sami ɗigo uku a kan shimfiɗaɗɗen fili, kamar allo ko takarda, ana iya haɗa su a ta da alwatika ɗaya tak, muddin ba su jeru a kan miƙaƙƙen layi ɗaya ba. Manufar wannan takarda ita ce nuna yadda ake gano yawan alwatika ba tare da an zana su ɗaya bayan ɗaya ba.

Ƙa'idar Zaɓe

A ƙaddara akwai ɗigo 10, kuma babu uku da suka jeru. Akwai hanya 10 ta zaɓen kusurwar farko, 9 ta biyu, 8 ta uku, wato 10 × 9 × 8 = 720. Amma fa alwatika ABC ita ce ACB, ita ce kuma BAC da BCA da CAB da CBA. Ke nan an ƙirga kowace sau 6. Idan aka raba 720 gida 6, sai a sami 120.

Jerarrun Ɗigogi

To, idan 4 daga cikin goman nan suka jeru a layi ɗaya fa? Duk ukun da aka ɗauka daga cikinsu layi za su bayar, ba alwatika ba. Yawan irin wannan zaɓe shi ne (4 × 3 × 2) ÷ 6 = 4. Sai a ɗebe 4 daga 120, saura 116.

Inda ɗalibi ya fi tuntuɓe shi ne wajen gano layukan. Alal misali, a jera ɗigo 9 sahu uku, uku uku, tazara daidai, kamar gurabun dara. Zaɓen uku daga tara shi ne (9 × 8 × 7) ÷ 6 = 84. Mai gaggawa yakan ga layi 3 a kwance, 3 a tsaye, ya ɗebe 6, ya ce 78. Ya manta da layi 2 na karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa. A wasan dara ba a ci da jerin karkace, amma a lissafi layi ne cikakke. Layukan 8 ne, saboda haka amsar ita ce 76.

Kammalawa

An ga cewa aikin mataki biyu ne: a ƙirga dukkan zaɓen uku uku, sa'an nan a ɗebe waɗanda suka jeru. Matakin farko ƙa'ida ce ke yin sa, na biyu kuwa sai ido ya duba da kyau.