Gidajen da Tsatsa Ta Ci

Yara, kun san yadda gara take cin itace. Daga waje ka ga itace lafiya lau, amma cikinsa ya zama gari. To, yau za mu karanta labarin waɗansu gidaje na ƙasar Ingila da irin wannan ta same su, ko da yake ba gara ce ta ci su ba.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekarar 1945, mutanen Ingila suka shiga wahalar wurin zama, domin bom ya rushe gidaje masu yawa. Ga magina sun yi kaɗan, ga jan bulo da katako ba su isa ba. Sai aka shiga neman dabara. Wani mai sana'ar gini na birnin Lidis, ana ce da shi Edwin Airey, ya fito da tasa. A ma'aikata ake zuba ginshiƙai da alluna na kankare, a sa ƙarfe cikin kowane ginshiƙi don ya yi ƙarfi. Sa'an nan a kwaso su a mota, a harhaɗa. Kafin ka ce me, gida ya tashi. An gina irin waɗannan fiye da 20,000, hukuma tana ba talakawa haya.

A shekarar 1980 aka yi doka, aka ce mai haya a gidan hukuma yana iya sayensa da rahusa. Mutane suka yi murna ƙwarai. Da yawansu ba su taɓa mallakar gida ba. Suka kwashe ajiyarsu, suka ci bashin banki, suka saya.

Ashe akwai ciwo a ɓoye. Shekara da shekaru damshi da iska suna ratsa kankare kaɗan kaɗan, har suka kai ga ƙarfen. Ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi. Da ya kumbura sai ya tsaga ginshiƙin daga ciki, ga shi kuwa ginshiƙan nan su ne ke ɗauke da rufin. Da labari ya bazu, bankuna suka ƙi ba da rance don sayen irin gidajen nan. Mai gida ba shi da kuɗin gyara, ba shi kuma da mai saye. Sai a shekarar 1984 aka yi wata doka, hukuma ta ɗauki mafi yawan kuɗin gyara. Akan cire ginshiƙan, a gina bangon bulo a madadinsu.

Mene ne za mu koya? Hausawa sun ce, ba a cinikin biri a sama. Wanda zai sayi gidansa na fari, kada arha ta ruɗe shi, kada kuma fenti ya rufe masa ido. Ya tambaya da me aka gina shi, kuma yaushe. Ya kira masanin gini ya duba harsashi da bango da rufi. Ya lissafta kuɗin gyara, ya haɗa da kuɗin saye, kana ya yi shawara. Ko a nan ƙasarmu haka ne. Mai hankali yakan je ganin soro da damina, ya ƙwanƙwasa azara, ya dubi indararo da gindin katanga. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka rasa gidaje a Ingila a shekarar 1945?
2. Yaya tsatsa take tsaga kankare?
3. Don me masu gidajen suka kasa sayar da su?
4. Faɗi abu uku da ya kamata mai sayen gida ya yi.