Yadda ake zaɓen majinginin kyamara a tagar mota

Mai zuwa kallon tsuntsaye a wajejen Madakiya, daga hanyar ruwan Matsirga zuwa gindin duwatsun Kagoro da dajin Nindam, zai lura cewa cilakowa ba ta damu da motar da ta tsaya ba, amma da an buɗe ƙofa sai ta tashi. Don haka daga cikin mota ake ɗaukar hoto, kuma tilas kyamara ko madubin hangen nesa ya sami abin jingina a taga.

Fara da auna kayanka: kyamarar da dogon gilashinta a haɗe. Nauyin ne zai raba maka gardama tsakanin abubuwa biyu.

Na farko maƙalin ƙarfe ne mai cizon gilashin taga, irin wanda Manfrotto ke yi. Ana sauke gilashin har ya rage kamar faɗin yatsu huɗu, a maƙala, a ɗaure. Kafin ka biya, duba ko bakinsa na da roba, don ƙarfe tsirara yana karce gilashi. Duba zaren ƙusarsa: gindin kyamara yawanci kwatan inci ne, kan da ke juyawa, wanda ake ɗora kyamarar a kansa, kuma 3/8 na inci. Ka gwada a taka motar, ba ta mai shago ba, domin gilashin wata motar a lanƙwashe yake, na wata kuma yana rawa a cikin ƙofa. Ga madubin hangen nesa marar nauyi, wanda ake so ya tsaya cik a kan reshe ɗaya, maƙalin ya fi.

Amma in kyamara ce mai nauyi, ni dai jakar hatsi zan ce. Kai wa tela a Kafanchan tsohon wandon jins, ya ɗinka jaka mai ɓari biyu kamar mangalar jaki, ya sa mata zif. A zuba shinkafa ko wake kamar mudu biyu, kada a cika ta dam, don kyamarar ta sami wurin lumewa. Acca ma tana yi, har ta fi kwanciya, sai dai in ɗinkin bai matse ba za ta tsiyaye. A sauke gilashin gaba ɗaya, a ɗora jakar a kan ƙofa. Da damina a riƙa juye hatsin ana shanyawa, saboda laimar kudancin Kaduna ba ta barin wake lafiya.

Kowanne ka zaɓa, kashe injin kafin ka danna, kuma ka roƙi na cikin motar su daina motsi. Kada ka tuƙa da maƙali a gilashi, rami ɗaya ya isa ya fasa shi. Rataya igiyar kyamarar a wuya. In kuwa kusa da shingen jami'an tsaro ne ko gonar wani, sauke kayan, ka yi sallama, ka nemi izini tukuna.