Rabe-raben raunin bututun maɗaciya bayan tiyata

Cire jakar maɗaciya na cikin tiyatar ciki da aka fi yi, kuma mafi munin abin da kan biyo bayanta shi ne raunata bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji. Galibi likita ne ke zaton babban bututun shi ne ƙaramin da ya fito daga jakar, sai ya ɗaure ya yanke. Daga nan ko dai ruwan ya riƙa yoyo cikin ciki, ko ya toshe har shawara ta bayyana a ido.

A 1982 Henri Bismuth, likitan fiɗa na Faransa, ya kasa raunin kashi 5 bisa tsawon lafiyayyen bututun da ya rage ƙasa da mahaɗar reshen dama da na hagu. In ya haura santimita 2, kashi na farko ne. In bai kai ba, na biyu. A na uku raunin ya kai mahaɗar amma tana nan, a na huɗu ta lalace, rassan sun rabu. Na biyar ya shafi wani reshen dama da ya bi hanyar da ba a saba ba. Iya hawan rauni, iya wahalar gyara.

Da tiyata ta kyamara da ƙananan huji ta yaɗu, sai aka riƙa ganin raunukan da wannan tsari bai ƙunsa ba. A 1995 Steven Strasberg a Amurka ya fito da rukunan A zuwa E. Rukunin A yoyo ne daga kututturen bututun jakar ko ƙananan bututun jikin hanta, kuma yawanci sa ƙaramin tiyo ta baki ya wadatar. B toshe wancan reshen dama mai bin hanyar da ba a saba ba ne, C yanke shi ba ɗauri, D kuwa yaga gefen babban bututu. E ya haɗiye kasoshin Bismuth biyar, kuma maganinsa ɗinke hanji kai tsaye da bututun hanta.

Giɓin tsarin Strasberg shi ne bai ambaci jijiyar jinin hanta ta dama ba, alhali takan raunata tare da bututun, ɗinki kuma ba ya kamawa inda jini bai isa ba. Tsarin Stewart da Way da na Hannover sun kula da wannan. Shi ya sa likitan da ya gano raunin E, in ba fanninsa ba ne, gara ya sa tiyon zuƙe ruwa ya tura majiyyaci ga ƙwararrun tiyatar hanta, domin gyaran farko ne ya fi damar ɗorewa.