Darasi: Tsarin aikin komin

A shekara ta 2004 aka yi zaɓen ƴan majalisar komin a Nijar. Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa, kowane gari ya samu majalisarsa. Komin takan rubuta tsarin aikinta na shekara 5.

A ƙasar Arewa, ruwan damina yakan gangaro daga duwatsu da ƙarfi. Yana cin gonaki, yana rushe gidaje. Maganinsa jera duwatsu, haƙa rabin wata da dasa itatuwa.

Amma aikin da ba a rubuta cikin tsari ba, da wuya ya samu kuɗi. Don haka, in an kira taron gari, maza da mata su je su faɗi bukatarsu.

Tambaya: Wane aiki garinku ya fi bukata?