Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi: Darasi a Kan Kiɗan Ƙasar Zamfara

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka sa waƙar gargajiya a rediyo, kafin mai gabatarwa ya faɗi sunan makaɗin, dattawanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum sun riga sun ce, "Wannan namu ne." Me suke ji wanda mu matasa ba mu ji? A wannan darasi za mu duba abubuwa uku da ke nuna asalin kiɗa, sa'an nan mu ga abin da ya rataya a wuyanmu.

Na farko: harshe

A dare da aka kama Yesu, mutanen da ke tsaye a farfajiya sun gane Bitrus mutumin Galili ne saboda irin maganarsa. Haka makaɗi yake. Inda Bakano zai ce "muka tafi", mutumin ƙasarmu yakan ce "munka tahi". Yana cewa "wanga" da "wagga", yana sa "na" da "ta" a gurbin "ne" da "ce". Wannan ba kuskure ba ne, karin harshen yamma ne. Da shi Ibrahim Narambaɗa na Isa da Sa'idu Faru suka yi waƙa. Duk wanda ya mayar da baitocinsu Hausar littafi, zai ga amon ya karye, gaɓoɓin ba su hau kan ganga ba.

Na biyu: kayan kiɗa da wurinsa

Kowane kiɗa da ma'abotansa. Tambari da kakaki na sarki ne. Kotso da taushi na makaɗan fada ne, da hannu ake kaɗa su. Kalangu tun asali na mahauta ne da 'yan dambe, ganga kuwa ta manoma ce wajen gayya. Fadar Sarkin Zamfaran Anka, da ta Sarkin Mafaran Gummi, da ta Sarkin Dankon Bukkuyum, irin waɗannan wurare ne suka raya kiɗan sarauta. Waƙar fada tarihi ce: tana jera kakannin sarki da garuruwan da suka zauna. Wannan yana da muhimmanci gare mu, domin tun da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, sarautar Zamfara ta yi ta ƙaura kafin ta zauna a Anka.

Na uku: koyo a hannun magabata

Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, a gidan kiɗa ya tashi. Ya yi amshi a bayan yayansa Abdu Kurna kafin ya ja nasa ayarin. Ɗan amshi yakan shekara yana saurare kafin a bar shi ya ƙara baiti. Ta haka salon gida ke wucewa daga baki zuwa baki.

Shin na asali shi ne wanda bai canja ba?

A nan mutane da yawa ke yin kuskure. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, amma a Sakkwato ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, rediyon Kaduna ya kai muryarsa ko'ina. Sun yi tafiya, sun shigo da sababbin zantuka, amma ba su yar da harshen gidansu ba. Ashe canji ba shi ne haɗarin ba. Haɗarin shi ne kowa ya koma kwaikwayon murya ɗaya.

An taɓa ganin haka a ƙasar Ailan. Wani mai goge ɗan yankin Sligo, Michael Coleman, ya yi faya-fayen garmaho a Amurka a shekarun 1920 da 1930. Da faya-fayen suka iso gida, matasan wasu yankuna suka bar salon iyayensu suka bi nasa. Mu ma tun da finafinan Kano suka bunƙasa bayan 1990, kiɗan fiyano ya mamaye bukukuwanmu. Ga kuma rashin tsaro da ya tashi ƙauyuka da dama a jiharmu, ya rage gayya da dandali, wuraren da yaro ke koyon kiɗa.

Aikinmu

Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, da Hausar littafi muke karanta shi, kuma wannan ya haɗa kanmu da 'yan'uwa na nesa. Amma idan Zumuntar Mata suka ɗauki tulu suna yabon Allah da karin garinsu, kada mu yi musu dariya, kada mu ce za mu gyara musu.

Muna roƙon kowane ɗalibi, a hutu mai zuwa, ya zauna da wani dattijo ko wata tsohuwa a gidansu. Ya nemi izini ya ɗauki waƙar daka, ko ta noma, ko ta reno a waya. Ya rubuta ta yadda aka faɗa, da sunan garin da lokacin da ake yin ta, ya kawo wa malamin Hausa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.