DAIDAITA MUDUN HASKE: Darasi a kan Hotunan Tauraron Ɗan'adam

Zuwa ga hakimai da malamansu.

Dalilin wannan darasi

A zamanin nan yakan faru malamin gona, ko na daji, ko na safiyo, ya zo gidan hakimi da taswira mai launi iri-iri, ya shimfiɗa ta, ya ce ga abin da tauraron ɗan'adam ya nuna: dajin gunduma ya ragu, ko kuwa gero bai yi kyau ba a ƙauyuka kaza da kaza. A kan irin wannan takarda akan yi shawarar inda za a kai taki da agaji, da inda za a hana saran itace. Hausawa sun ce gani ya kori ji, don haka da wuya a sami mai gardama da hoto. To, amma hoton nan awo ne, kuma kowane awo da mudunsa. Manufar wannan darasi ita ce hakimi ya san yadda ake daidaita mudun, don ya san abin da zai tambaya kafin ya sa hannu.

Misali daga kasuwa

Duk wanda ya taɓa shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ke gefen Titin Ahmadu Bello, wadda kuma aka sa wa sunan Shaihu Abubakar Gumi, ya san yadda awon hatsi yake. Wani mai awo mudunsa babba ne, wani ƙarami. Wani yakan cika har hatsi ya yi tsini, wani ya shafe baki. Idan mutum ya auni masara mudu goma a rumfa ɗaya, ya auni mudu goma sha ɗaya a wata, ba zai iya cewa ta biyun ta fi yawa ba sai ya juye duka biyu cikin mudu guda. Wannan juyewa ita ce masu aikin hotunan tauraro suke kira daidaitawa.

Yadda tauraro yake awo

Hasken rana ba launi ɗaya ba ne. Bakan gizo shaida ne, gama a cikinsa muna ganin ja da rawaya da kore da shuɗi. Bayan ja kuma akwai wani haske wanda idon mutum ba ya gani, za mu kira shi ɓoyayyen ja. Na'urar tauraro tana raba hasken da ƙasa ta mayar sama kashi-kashi, kowane kashi ana ce da shi zango. Tana kuma yanka ƙasa gida-gida kamar gidajen dara, ta ba kowane gida lamba ɗaya a kowane zango. Lamba babba, haske da yawa. Lamba ƙarama, haske kaɗan.

Amfanin wannan rabo shi ne kowane abu da irin yadda yake mayar da haske. Ɗanyen ganye yana shanye ja, yana mayar da ɓoyayyen ja da yawa. Ruwa yana shanye ɓoyayyen ja kusan duka. Busasshiyar ƙasa kuwa tana mayar da su biyun kusan daidai. Da haka kwamfuta take rarrabe gona da tafki da fako.

Amurka ce ta harba Landsat na farko a 1972, da na'ura mai zango 4. Landsat 8, wanda aka harba a 2013, yana shawagi a nisan kilomita 705, yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16, yawancin gidajensa kuwa mita 30 ne tsawo da faɗi. Turai ta harba Sentinel-2 na farko a 2015, mai zango 13, waɗansu gidajensa mita 10. Nijeriya ma ta sami nata, watau NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha a watan Satumba 2003, mai zango 3: kore, da ja, da ɓoyayyen ja. Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga kowa, shi ya sa taswirorin nan suka yawaita a ofisoshi.

Abubuwa uku da ke ɓata awo

Na ɗaya, bambancin na'ura. Landsat 5, wanda aka harba a 1984, ya kasance yana ƙidaya haske daga 0 zuwa 255. Na'urar Landsat 8 kuwa matakai 4,096 take rarrabewa. Lamba 200 a wancan haske ne mai yawa, a wannan kuwa kusan duhu ce.

Na biyu, tsayuwar rana. Taurarin nan da hantsi suke ratsa ƙasarmu. A watan Disamba rana takan karkata kudu, haskenta ya sauka a gicciye, inuwa ta yi tsawo. A watan Afrilu kuwa ta fi miƙewa bisa kai. Har ila yau duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, ta fi nisa a farkon Yuli, bambancin ƙarfin hasken kuwa ya kai wajen kashi 7 cikin 100.

Na uku, hazo, wanda shi ne ya fi damunmu a Arewa. Da hunturu iska takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan tana watsa haske, ta mayar da wani sashe sama tun bai taɓa ƙasa ba, na'ura kuwa ta haɗa shi cikin lissafi kamar daga ƙasa ya fito.

Yadda ake daidaitawa

Ana yin aikin a kwamfuta da manhaja irin su QGIS, wadda kyauta ce. Matakan ga su.

1. Juyewa cikin mudu ɗaya. Kowane hoto yana zuwa da ƙaramar takardar bayani mai nuna ranar ɗauka, da tsayin rana a sama, da ƙa'idar na'urar. Da ita manhaja take mayar da lambar kowane gida ta zama rabo tsakanin 0 da 1, watau cikin hasken da ya sauka a gidan, nawa ne ya koma sama. Wannan yana maganin matsala ta ɗaya da ta biyu.

2. Cire hazo. Mai sikeli na gaskiya yakan duba sikelinsa ba kaya. Idan ya ga allura ta tsaya a kan kilo 2, sai ya cire kilo 2 daga kowane buhu. Haka nan ake neman gida mafi duhu a hoto, kamar ruwa mai zurfi garau ko inuwa mai kauri, wanda ya kamata lambarsa ta kusa 0. Abin da aka samu a kansa na hazo ne, sai a cire shi daga dukan gidajen wannan zango. Kowane zango da nasa cirewar, gama hazo ya fi cika shuɗi, ya fi sauƙi a ɓoyayyen ja. A lura: Kogin Kaduna da damina ruwansa ja ne da laka, bai dace da wannan aiki ba.

3. Daidaita hoto da hoto. Idan za a gwama hoton bana da na shekara goma da suka wuce, sai a nemi wuraren da ba sa sake kama, rani da damina. A cikin birnin Kaduna kasuwa da kewayenta suna da irinsu: faffaɗan rufin rumfuna, da kwalta, da daɓen siminti. Idan rufi ɗaya ya ba da lamba daban a hotunan biyu, an san bambancin daga sama yake ko daga na'ura, sai a gyara hoto na biyu har rufin ya dace da na farko. Sai dai a tabbata ba a sāke rufin ba, bai kuma yi tsatsa ba a tsakani. A nan sanin mutanen wuri ya fi na kwamfuta.

4. Daidaita zango da zango. Idan kwamfuta za ta rarraba ƙasa zuwa gona da daji da gari, zangon da lambobinsa suka fi bazuwa yakan rinjayi sauran, kamar mai babbar murya a wurin shawara. Don haka akan miƙe kowane zango a kan ma'auni guda, mafi ƙanƙantarsa ya zama 0, mafi girmansa 1.

Lissafin kore

Taswirar da aka fi kawo wa hakimai ita ce ta lafiyar tsiro, wadda ake kira NDVI. Ana cire lambar ja daga ta ɓoyayyen ja, a raba abin da ya rage da jimlarsu. Ga misali na koyo. A ɗauka gonar dawa ta ba da 10 a ja, 50 a ɓoyayyen ja. An cire, saura 40; an haɗa, 60; an raba, 0.67. Wannan gona ce mai lafiya. Idan hasken rana ya ragu da rabi, lambobin za su koma 5 da 25, watau 20 a raba da 30, har yanzu 0.67. Ashe lissafin yana kare kansa daga ƙarancin haske.

To, a ce hazo ya ƙara 20 a ja, ya ƙara 10 a ɓoyayyen ja. Lambobin sun zama 30 da 60, watau 30 a raba da 90, sakamako 0.33. Gonar tana nan yadda take, amma takarda ta ce rabin lafiyarta ya tafi. Idan da hoton ran hazo aka yi taswira ba a cire shi ba, za a rubuta cewa daji ya mutu alhali yana tsaye. Idan kuma tsohon hoton ne mai hazo, sabon garau, za a ce daji ya ƙaru alhali ana cinye shi da gatari.

Abin da daidaitawa ba ta iyawa

Ba ta mayar da rani damina. Wanda ya gwama hoton Agusta da na Maris zai ga ƙasa ta bushe ko da ba a sare ko reshe ɗaya ba. Ba ta kuma ganin abin da gajimare ya rufe. Launin da aka shafa wa taswira kuwa zaɓin mai bugawa ne, kore a wannan takarda ba lalle ya zama daidai da kore a waccan ba, sai an duba ma'aunin da ke gefe.

Tambayoyi biyar

Idan an kawo taswira, malamin hakimi ya rubuta amsar waɗannan a littafin gunduma:

1. Wane tauraro ne ya ɗauki kowane hoto, kuma a wace rana da wane wata?
2. Hotunan da aka gwama na lokaci ɗaya ne cikin shekara?
3. An juye lambobin cikin mudu ɗaya, an kuma cire hazo?
4. Da waɗanne wurare marasa sakewa aka daidaita su?
5. Wa ya taka ƙasa ya duba, kuma a waɗanne ƙauyuka?

Ma'aikacin da ya yi aikinsa sosai zai amsa su ba wahala, zai ma yi murna da an tambaya. Idan amsa ta gagara, hakimi ya nemi a dakata, ya aiki dagatai su zagaya su kawo labari, sa'an nan ya rubuta wa ofishin da ya aiko da taswirar. Masu neman ƙarin bayani suna iya tuntuɓar Hukumar KADGIS a Kaduna, ko cibiyar nazarin hotunan tauraro ta ƙasa da ke Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar NASRDA.

Haƙƙin talakawa yana rataye a kan waɗannan lambobi kamar yadda yake rataye a kan mudun kasuwa, kuma amana ce a wuyan shugabanni su ga an auna daidai. Allah ya taimaki sarakuna da hakimai a kan riƙon jama'a, amin.